Yadda Ƙungiyar Mata Za Ta Nemi Tallafin Gidauniya Don Aikin Shigar da Mata Cikin Siyasa

Wannan bayani na ƙananan ƙungiyoyin mata ne, irin waɗanda ke aiki a ƙaramar hukuma ɗaya ko biyu, masu son neman kuɗin gidauniya a karon farko domin mata su samu kujera a wuraren da ake yanke shawara. Buƙatar a bayyane take. A majalisar dattawan Najeriya da aka kafa bayan zaɓen 2023, mata huɗu ne kacal cikin sanatoci 109, a majalisar wakilai kuma ba su kai ashirin ba cikin 360, sannan akwai majalisun jihohi irin na Kano da Katsina da Jigawa da zaɓen bai kai mace ko ɗaya cikinsu ba. Masu ba da tallafi sun san waɗannan alƙaluma sarai, saboda haka ba su ne za su sa a ba ku kuɗi ba. Abin da ke sa a bayar shi ne ƙaramin aiki mai iyaka, wanda za a iya gani a auna, a hannun ƙungiyar da takardunta da lissafinta suka tsaya daidai.

Akwai doka ɗaya da ya wajaba ku riƙe tun kafin ku ɗauki alƙalami. Sashe na 221 na tsarin mulkin Najeriya ya hana duk wata ƙungiya da ba jam'iyyar siyasa ba ta nema wa ɗan takara ƙuri'a, ko ta zuba kuɗi a asusun jam'iyya, ko ta biya kuɗin yaƙin neman zaɓen wani. Gidauniyoyin Amurka ma dokar ƙasarsu ta hana su sa hannu a takarar kowa. Ke nan tallafin da ake magana a kai na horarwa ne, da wayar da kai, da bincike, da matsa wa jam'iyyu da majalisu lamba su gyara dokokinsu. Ba a buga fosta da shi, ba a saya wa 'yar takara fam da shi.

Abubuwan da za a tanada

Da farko akwai takardun ƙungiya: shaidar rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, da tsarin mulkin ƙungiya, da sunayen amintattu, wato mutanen da ke riƙe amanar ƙungiya a gaban doka, da takardun shaidarsu, da lambar haraji, da shaidar rajista da SCUML, wato sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai lura da safarar kuɗin haram. Sai asusun banki da sunan ƙungiya, wanda mutum biyu ne ke sa hannu kafin a fitar da kuɗi. Sai littafin shiga da fitar kuɗi na aƙalla shekarar da ta wuce, ko da abin da ke ciki kuɗin wata-wata ne na membobi da gudummawar biki. Sai shaidar ayyukan da kuka riga kuka yi: takardun sa hannun mahalarta taro, da hotuna masu kwanan wata, da wasiƙar hakimi ko ta shugaban ƙaramar hukuma in akwai. A ƙarshe kuna buƙatar adireshin imel na ƙungiya, ba na ɗiyar shugaba ba, da kwamfuta ko waya mai iya buɗe fam a intanet, da mutum ɗaya mai iya rubuta Turanci mai sauƙi, ko Faransanci ga 'yan'uwanmu na Nijar.

Duk waɗannan takardu a ɗauki hotonsu mai kyau a ajiye wuri guda, a kuma sa wa kowace sunanta. Yawancin kiraye-kirayen neman tallafi makonni kaɗan suke bayarwa, kuma ba lokacin da za a fara neman inda sakatariya ta ajiye tsarin mulki ba ne.

Mataki na 1: Kammala rajista da buɗe asusu

Ƙungiya irin taku ana yi mata rajista ne a matsayin amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Za a nemi suna, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta, sannan a ba da takarda. Ku zaɓi amintattun da za a iya samun su a waya kuma za su zo taro, kada ku cika takarda da sunayen manya don ado, domin ranar da banki ya nemi sa hannunsu za ku sha wahala. Kada kuma ku sa mai riƙe da muƙamin jam'iyya a cikinsu. Bayan rajista akwai rahoton shekara-shekara da ake miƙa wa hukumar, wanda ƙungiyoyi da yawa ke mantawa da shi har a rubuta su a matsayin marasa aiki, kuma mai ba da tallafi yana iya duba wannan a intanet cikin minti biyu.

Idan kuɗin rajistar bai samu ba tukuna, ku fara da rajista a ma'aikatar mata ta jiha ko sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Wasu asusun mata, wato gidauniyoyin da aka kafa don tallafa wa ƙungiyoyin mata, kamar FRIDA mai tallafa wa ƙungiyoyin matasan mata, suna karɓar ƙungiyar da ba ta da cikakkiyar rajista. Wata hanyar kuma ita ce ku nemi babbar ƙungiya mai rajista ta karɓi kuɗin a madadinku, amma da rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi kason da za ta cire da ranar da za ta sakar muku saura.

Mataki na 2: Zaɓar matsala guda ɗaya

Nan ne akasarin takardu ke faɗuwa. Sabuwar ƙungiya takan rubuta cewa za ta wayar da kan matan jiha baki ɗaya, ta kawo ƙarshen wariya, ta samar da kashi 35 cikin ɗari na muƙamai. Wannan kashi 35 yana cikin Manufar Jinsi ta Ƙasa tun 2006, babbar kotun tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta aiwatar da shi a watan Afrilun 2022, kuma har yanzu bai tabbata ba. Mai karanta takardarku ya san ƙungiya mai mutum goma sha biyar ba za ta yi a wata goma sha biyu abin da hukuncin kotu bai yi ba.

Ku zauna da matan da suka taɓa gwada takara a yankinku, waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, ku tambaye su a daidai ina aka tare su. Amsar da aka fi ji ba ranar babban zaɓe ba ce. Jam'iyyu sukan yafe wa mata kuɗin fam, amma a zaɓen fid da gwani ake zubar da su, saboda a inda aka yi zaɓen da daliget, kusan dukkansu maza ne, kuma a shugabancin jam'iyya na mazaɓa kujera ɗaya ce aka saba bar wa mace, ta shugabar mata, wadda aikinta ya tsaya ga tara mata ranar gangami da rabon atamfa. Ana yanke shawara a taron dare a gidan wani jigo, lokacin da matar aure ba za ta fita ba. Ana ce wa 'yar takara ta janye wa ɗan'uwanta a yi maslaha. Wadda ta yi aure a wata jiha a ce mata ba 'yar nan ba ce, a garin iyayenta kuma a ce ai ta zama ta can. Ga kuma ɓata suna a Facebook da WhatsApp, wanda kan sa dangi su hana mace tun ba ta fara ba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aiki ne mai zaman kansa. Ku ɗauki ɗaya. A ganina ƙaramar ƙungiya ta fi samun abin nunawa idan ta tsaya a matakin mazaɓa: ta shirya mata su nemi kujerun sakatare da ma'aji da mai binciken kuɗi a shugabancin jam'iyyu daban-daban, ko su tsaya takarar kansila, ko su shiga kwamitocin raya mazaɓa da na makarantu inda ake koyon magana a gaban jama'a. Jihar Kano kaɗai tana da mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44, kuma a irin waɗannan kujeru ne ake fara sanin mutum kafin a yarda da shi a sama.

Mataki na 3: Tattara hujja daga gida

Ku je sakatariyar jam'iyyu uku ko huɗu a ƙaramar hukumarku ku kwafo sunayen shugabannin mazaɓu, ku ƙirga mata nawa ne da irin kujerar da suke riƙe. Ku ƙirga kansiloli mata a zaɓuka biyu da suka wuce. Wannan aikin mako guda ne, kuɗin mota kawai yake ci, amma jimla guda da ta ce a mazaɓu goma na ƙaramar hukumarku babu mace a wata kujera sai ta shugabar mata ta fi shafi uku na alƙaluman ƙasa tasiri, domin ba wanda yake da ita sai ku. Maganganun matan da kuka yi hira da su ku rubuta ba tare da sunayensu ba, sai wadda ta yarda.

Mataki na 4: Neman gidauniyar da ta dace da girmanku

Manyan gidauniyoyi irin Ford, mai ofis a Legas, da MacArthur, sun fi ba ƙungiyoyin da suka daɗe kuma aka binciki asusunsu shekaru da dama. Kada ku fara da su. Ƙofar ƙananan ƙungiyoyi ita ce asusun mata: AWDF da ke Akara a Gana, wanda aka kafa domin ƙungiyoyin matan Afirka, da Global Fund for Women a Amurka, da Mama Cash a Holan. Urgent Action Fund-Africa na ba da tallafin gaggawa, wanda ya dace da lokacin da aka yi wa mace mai fafutuka barazana ko wata dama ta taso ba zato. Ofishin jakadancin Kanada yana da asusun ƙananan ayyuka da yake buɗewa lokaci-lokaci. A cikin gida kuma akwai Nigerian Women Trust Fund a Abuja, wanda aka kafa a 2011 kan wannan batu, da WRAPA mai kare haƙƙin mata, da ActionAid mai yaƙi da talauci, waɗanda kan ɗauki ƙananan ƙungiyoyi su yi aiki tare idan sun samu babban tallafi. Shiga ƙarƙashin irinsu shekara ɗaya ko biyu makaranta ce, kuma sunansu a takardarku ta gaba shaida ce.

Ku sani kuma kasuwar ta ƙara tsauri tun da gwamnatin Amurka ta rufe USAID, hukumarta ta ba ƙasashen waje tallafi, a 2025, domin manyan ƙungiyoyin da suka dogara da ita sun dawo suna neman ƙananan kuɗin da a da suke rainawa. Saboda haka ku karanta sharuɗɗan kowane kira sau biyu. Idan an ce sai ƙungiyar da mata ne ke shugabancinta kuma su ne mafi rinjaye a kwamitinta, to haka ake nufi. Idan an ce ƙasashe kaza ne, kuma taku ba ta ciki, kada ku ɓata dare. Duk wanda ya nemi ku biya kuɗi kafin a duba takardarku, ko ya ce yana da hanya a ciki a ba shi kaso, ɗan damfara ne.

Mataki na 5: Rubuta takardar

Ku fara rubutawa da Hausa, a shafi biyu, ku karanta wa membobi su gyara, sannan a mayar da ita harshen da aka nema. Takardar da aka ba wani gwani a birni ya rubuta daga kansa tana da daɗin karatu, amma ranar da jami'ar gidauniya ta kira shugaba a waya ta yi mata tambaya biyu sai a ga ba ta san abin da ke ciki ba.

Takardar ta amsa tambayoyi biyar a jere: mece ce matsalar a wurinku, me za ku yi, su wa za su amfana, me zai canja, kuma me ya sa ku ne za ku yi. Ta huɗun ce mai wuya, domin mutane na rikita aiki da sakamako. Horar da mata sittin aiki ne. Sakamako shi ne a ce ashirin daga cikinsu sun sayi fam ɗin kujerar mazaɓa, ko shugabannin jam'iyyu biyu sun sa hannu sun yarda a mayar da taro zuwa bayan la'asar. Ku yi alkawarin abin da ke hannunku. Kada ku rubuta cewa mata biyar za su ci zaɓe, domin cin zaɓe ba a hannunku yake ba.

Ku bayyana yadda za ku shiga gari. A yankinmu aikin da ya tsallake hakimi da limamai da mazaje ba ya nisa, don haka ku sa zama da su a cikin shirin, a farkonsa, da kuɗinsa. Malaman Islamiyya mata da shugabannin yanki na FOMWAN, wato tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, suna kai saƙo inda takardar gayyata ba ta kaiwa. A wurin irin wannan zama tarihin gida ya fi amfani: Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a zamanin NEPU kan 'yancin matan Arewa na jefa ƙuri'a, wanda ba su yi amfani da shi a babban zaɓe ba sai 1979, kuma Nana Asma'u ta tsara 'yan taru masu karantar da mata a ƙauyuka tun ƙarni na 19. Kalmomin da kuka rubuta wa gidauniya ba lalle su ne za ku faɗa a zauren hakimi ba, amma ma'anar ta zama ɗaya, kada ku gaya wa kowane ɓangare abin da yake son ji.

Ku kuma daidaita aikin da jadawalin zaɓe. Tsakanin aika takarda da shigowar kuɗi yakan ɗauki watanni, kuma horon 'yan takara da aka yi bayan an gama fid da gwani ba shi da amfani sai a zaɓe na gaba.

Mataki na 6: Kasafin kuɗi

Kowane layi a nuna yadda aka same shi. Kada a rubuta "horo" a sa dunƙulallen kuɗi a gabansa. A rubuta kuɗin ɗakin taro na kwana nawa, abincin mutum nawa sau kwana nawa, kuɗin mota na kowace mace gwargwadon nisan garinta, kuɗin mai koyarwa, man janareta, takardu da alƙaluma. Ku je kasuwa ku tambayi farashi, ku karɓi takardar farashi daga wurare uku ga duk abu mai tsada. Akwai abubuwan da maza masu rubuta kasafi ke mantawa: mai kula da yara a wurin taro, domin mata za su zo da goyo, da kuɗin motar muharrami ga wadda ba za ta yi tafiya ita kaɗai ba, da tashi da wuri don kowa ta isa gida kafin magariba. Ku sa su, ku yi bayaninsu a layi ɗaya, asusun mata sun saba ganin irin wannan.

Ku sa alawus na masu aiki, da kuɗin haya da data da cajin banki, da kuɗin mai binciken asusu a ƙarshen shekara. Ƙungiyar da ta ɓoye waɗannan don kasafinta ya yi araha takan koma tana yanko daga kuɗin abincin mahalarta, daga nan rasit ɗin ƙarya ke farawa.

Idan tallafin da dala ne ko yuro, ku rubuta farashin canjin da kuka yi lissafi da shi da ranar. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024 ya san kasafin naira na iya lalacewa kafin a fara aiki. Ku buɗe asusun kuɗin waje, ku riƙa canjawa gwargwadon buƙata, ku tambayi gidauniyar tun farko abin da za a yi da rarar canji ko giɓinsa.

Mataki na 7: Aikawa da amsa bincike

Ku aika kwana biyu ko uku kafin ranar rufewa, saboda wuta da intanet, kuma ku lura da agogon ƙasar da aka rubuta. Ku cika fam ɗin da aka bayar yadda yake, ku tsaya a adadin kalmomin da aka iyakance. Idan kun tsallake zagayen farko za a nemi takardun banki, da sunayen mutum biyu ko uku da za su ba da shaida a kanku, wani lokaci har a zo ofis. In ba ku da ofis ku faɗi gaskiya cewa a ɗakin Islamiyya ko gidan shugaba kuke taro. Aron ofis na yini guda ana gane shi, kuma ya fi rashin ofis muni.

Mataki na 8: Bayan kuɗi ya shigo

Ku karanta yarjejeniyar a gaban kwamiti, ku manna ranakun rahoto a bango. Ku sanar da membobi nawa aka samu da abin da aka ware shi, domin jita-jitar cewa shugaba ta karɓi daloli ta rusa ƙungiyoyi fiye da rashin kuɗi. Duk biya ya bi ta banki inda zai yiwu. Inda babu rasit, kamar kuɗin mota ko na mai kosai, a yi takardar biya mai suna da kwanan wata da sa hannu ko dangwale. Kada a ɗauki kuɗin wani layi a kai wani sai an rubuta an nemi izini, kuma an amsa a rubuce.

Sai batun jam'iyya, wanda zai taso ko kun so ko ba ku so. Ku gayyaci mata daga jam'iyyu daban-daban a kowane horo, ku rubuta hakan a takardar mahalarta. Kada a yi taro a ofishin jam'iyya ko a gidan ɗan takara, kada a bar hula ko atamfa mai tambari a cikin hoto. Idan wata a shugabancin ƙungiya ta yanke shawarar tsayawa takara, abin farin ciki ne, amma ta sauka daga kujerarta ta kuma daina sa hannu a banki kafin ta sayi fam, a rubuta wa gidauniya a sanar da ita. Hotunan mahalarta kuma kada a sa su a intanet sai da yardarsu, domin hoto guda na iya jawo wa mace fitina a gidanta.

A rahoto ku faɗi abin da bai yiwu ba tare da dalilinsa. Idan mata ashirin kuka yi tsammani, bakwai suka sayi fam, ku rubuta bakwai, ku bi sauran ku ji abin da ya hana su, ku sa amsarsu a rahoton, domin daga ita za a gina takardar shekara ta biyu.

Idan an ƙi ku, ko kuɗin waje bai samu ba

Ƙin karɓa a karon farko shi ne abin da aka fi gani. Ku rubuta gajeriyar wasiƙa ku nemi dalili, wasu suna amsawa. Kafin kira na gaba ku rage aikin zuwa abin da aljihunku zai ɗauka: mazaɓa biyu maimakon goma, aji na makarantar firamare ranar Asabar maimakon ɗakin taro, tsohuwar kansila ko malamar kwaleji da za ta koyar kyauta. Kuɗin wata-wata na membobi, da adashi da aka ware wa aikin, da gudummawar 'yan kasuwa mata da 'yan garinku mazauna Legas ko Abuja sun isa wannan. Gudummawar ɗan siyasa mai neman kujera ce kawai za ku ƙi, ko da ya ce ba da wata manufa ya bayar ba. Kowace naira da ta shigo a rubuta ta a littafi a kuma ba da rasit, sannan a ƙarshen shekara a nemi akanta ya duba ya sa hannu, domin wannan takarda ce za a fara tambayarku a neman tallafi na gaba.